Waya Biyu a Aljihun Kafinta

Likita ne ya fara kawo maganar. Ya duba takardar gwajin jinin Kafinta, ya cire tabarau, ya ce sukari ya hau, kuma magani kaɗai ba zai sauko da shi ba sai an haɗa da tafiyar ƙasa kullum. Kafinta ya ce ai shi yini yake yi a tsaye a shago. Likita ya ce tsayuwa daban, tafiya daban.

Shekarun Kafinta sittin da uku, arba'in daga ciki a cikin ƙurar katako ya yi su. Matarsa kuwa kowa Malama yake ce mata, har shi kansa, don ta shekara talatin tana koyarwa a firamare kafin ta ajiye alli. 'Ya'yansu uku duk sun tashi. Mazan biyu aiki ya kai su nesa, sai a shekara ba a ga juna ba. Auta kuma tana aure a wani birni mai tafiyar yini guda a mota, ita ce mai kira safe da yamma, ita ce mai faɗa in an manta shan magani.

Da ta ji abin da likita ya ce, ƙarshen makon nan ta zo. Ta tattara wayoyin iyayenta a kan teburin falo, ta yi ta danne-danne, sannan ta miƙa wa kowa tasa.

"Wannan manhajar taku take ƙirgawa," ta ce. "In dai wayar tana jikinka, duk inda ka sa ƙafa za ta rubuta. Na haɗa mu mu uku. Ina can zan ga naku, kuna nan za ku ga nawa."

"Wato ɗan sanda kika ajiye mana a aljihu," in ji Kafinta.

"Kai aka ajiye wa, Baban Auta," Malama ta ce. "Ni lafiyata ƙalau. Rakiya kawai zan yi maka."

Washegari ya bar babur ɗinsa a gida, ya taka har shago, ya dawo a ƙasa. Da yamma ya zauna a kujerarsa yana matsa gwiwa, ya ce a duba masa. Dubu shida da ɗari biyu. Ya gyara zama kamar wanda ya ci gasa. Auta ta ɗauki wayar uwarta, wadda ta yini a aljihun doguwar rigarta, ta duba, ta sake dubawa, ta tuntsure da dariya. Dubu goma sha ɗaya da wani abu, kuma Malama ko ƙofar gida ba ta leƙa ba.

"Na'urar ta lalace," in ji Kafinta.

"Ba abin da ya same ta," Malama ta ce, tana ninke kayan da ta kwaso daga igiya. "Ka ɗauka tufafin nan da ƙafarsu suke dawowa ɗaki?"

Ya yi dariya tare da su, amma abin ya tsaya masa a rai. Shekara talatin da takwas suna gida ɗaya, amma tun da ta ajiye alli, in aka tambaye shi ina Malama, cewa yake yi tana gida tana hutawa.

Bayan Auta ta koma, abin ya zame musu jiki. Da sassafe sukan fita tare, su bi ta gaban gidan burodi, su zaga filin makarantar da Malama ta koyar, su dawo ta layin masu gyaran mota. Manhajar tana da wani ɗan mutum na zane da ke nuna motsa jiki, ya ɗaga hannu, ya sunkuya, ya miƙe. Malama takan jingine wayar da kwalbar ruwa ta bi shi daki-daki, tana ce masa ɗalibinta mara gajiya. Kafinta ya gwada sau ɗaya, bayansa ya amsa, ya ce shi ba zai bar zane ya karya shi ba. A wata na uku sukarinsa ya sauko. Duk ranar da ɗayansu ya cika dubu goma, sai saƙon Auta ya shigo da hoton tafi.

A cikin watannin nan ne Auta ta sanar da su tana da ciki. Wannan shi ne na uku, biyun farko ba su zauna ba. Likitanta ya hana ta doguwar tafiya, ya ce ta guji duk abin da zai tayar mata da hankali. Lambarta a manhajar ta yi ƙasa, ta ce yanzu su biyu za su riƙa yi mata tafiyar.

Wata safiya suna daidai gidan burodi Malama ta tsaya, ta ce igiyar takalminta ce ta kwance. Ta zauna a bencin da ke ƙofar, ta daɗe. Kafinta ya kalli takalmin, ya ga ba abin da ya kwance. Kwana biyu bayan nan ta sake zama a bencin, wannan karon ba ta kawo dalili ba. Kafaɗunta suna hawa suna sauka, kamar wadda ta hau bene da kaya. Daga nan ta ce ya riƙa zagayen filin shi kaɗai, za ta jira shi. Daga baya ma ta daina fitowa.

Lambarta ta sauko daga dubu goma zuwa shida, zuwa uku. Auta ta kira.

"Mama, yau dubu biyu na gani. Lafiya?"

"A kan gado na manta wayar. Tsufa ne, 'yar nan."

Da safe Kafinta yana ɗaure takalmi, ta zo ta zura wayarta a aljihunsa na hagu.

"Ka tafi mini da ita."

Ya ɗago ya dube ta.

"Wata biyu ya rage mata," ta ce. "In ta ga lambar nan tana sauka, mota za ta shiga ta taho. Ka san halinta. In wani abu ya sami cikin nan a hanya saboda ni, da wane ido zan kalle ta?"

"To mu je asibiti."

"Za mu je. Gajiya ce kawai. Bari in gama da labulen nan da nake ɗinka mata."

Ya san bai kamata ba. Amma a tsawon zamansu, duk abin da ya shafi yara ita ke yankewa, kuma ba ta cika yin kuskure ba. Ya fita da waya biyu, ɗaya a kowane aljihu.

Haka aka yi ta yi. Da safe ya karɓa, da yamma ya mayar, kafin lokacin kiran Auta. Saƙon tafi ya ci gaba da shigowa wayar Malama, wani lokaci yana tsaka da goge katako zai ji ta yi motsi a cinyarsa. Ya daina duba lambar. Tafiyar da ya fara so ta koma masa kamar aiken da aka tilasta shi. In ya zo wucewa ta gidan burodi, sai mai burodin ya ɗaga hannu ya ce ina Malama kwana biyu, shi kuma ya ce tana nan lafiya, ya ƙara sauri.

A gida yana ganin abin da yake gani. Ta koma yin girki a zaune. Takalman da take sawa shekara da shekaru suka daina shiga ƙafarta. Ta ƙara matashi biyu a gadonta, ta ce kwanciya a miƙe tana sa ta tari. Duk ranar da ya tayar da maganar asibiti, sai ta ce jibi. Labulen ya ƙare, ta ɗauko zanen gadon jariri.

Ranar Talata, wajen ƙarfe goma sha ɗaya, yana yanka katakon wata ƙofa, wayar aljihun hagu ta yi ƙara. Sunan Auta ne. Ba ta saba kira a wannan lokaci ba. Ya kashe injin zarto, ya tsaya yana kallon wayar har ta katse. Nan take tasa wayar ta ɗauki ƙara. Ya fita bayan shago, inda ake jibge guntayen katako, ya amsa.

"Baba, ina kwana."

"Lafiya lau, Auta. Ya jikin?"

"Da sauƙi. Baba, wayar Mama tana wurinka, ko?"

Ya dafa aljihunsa na hagu.

"Yau kwana goma sha tara lambarku ɗaya," ta ce. Muryarta a kwance take, ba faɗa a ciki. "In kai ka yi dubu tara da ɗari huɗu, ita ma haka, bambancin bai wuce taku ashirin ba. Ku da ba ku taɓa yin daidai ba ko sau ɗaya. Tun makon farko na lura. Na yi shiru ne ina jiran ɗayanku ya gaya mini da bakinsa."

Ya zauna a kan wani gungume. Ƙurar katako ta manne masa a gumin hannu.

"Ba ta so hankalinki ya tashi ne."

"Kwana goma sha tara ina kwana da tunanin abin da kuke ɓoye mini. Wane tashin hankali ne ya fi wannan? Baba, don Allah, me ke damun Mama?"

Ya gaya mata. Bencin gidan burodi, da numfashin, da ƙafafun, da matasan kai. Yana faɗa yana jin yadda abin yake da yawa in an jera shi wuri ɗaya, shi da yake ɗaukarsa ɗaya-ɗaya kullum yana cewa gajiya ce. Auta ta saurara har ya gama. Ta ce ba za ta taho ba, ta yi alkawari, amma da sharaɗin yau ɗin nan za su je asibiti, kuma in sun shiga wurin likita ya kira ta ta ji da kunnenta.

Ya rufe shago da rana tsaka, abin da bai taɓa yi ba sai ranar rasuwa. Ya tari mota a bakin titi, ya ce direban ya jira a ƙofar gida. Ya tarar da Malama a kicin, zaune a ƙaramar kujera, faranti a cinyarta, rabin albasa a yanke, wuƙar a ƙasa. Ta jingina kanta da bango, idonta a rufe. Da ta ji motsinsa ta yi sauri ta laluɓo wuƙar.

"Me ya dawo da kai yanzu?"

Ya ciro wayarta ya ajiye a kan farantin.

"Auta ta sani. Ta daɗe da sani. Sauran kuma ni na gaya mata."

"Na ce maka..."

"Kin ce. Na bi maganarki kwana goma sha tara, ban kyauta ba. Mota tana waje."

Ta dube shi irin kallon da take yi wa ɗalibin da ya yi mata musu a gaban aji. Ya tsaya a inda yake. Can ta ajiye farantin, ta miƙo masa hannu ya tayar da ita, suka fita suka shiga motar.

Likita ya ce zuciyarta ce ta yi rauni, ba ta iya tura jini yadda ya kamata, shi ya sa ruwa ya taru a ƙafafu da huhu. Ya ce da an ƙara makonni kaɗan, da maganar ta zama wata. Ba ciwon da ke warkewa gaba ɗaya ba ne, amma ana zama da shi in an bi magani, an rage gishiri, an daina wahalar da jiki. Auta tana kan waya tana ji, ta yi tambayoyinta ɗaya bayan ɗaya, sannan ta ce a ba ta Mama. Abin da suka faɗa wa juna Kafinta bai ji ba, don fita ya yi ya tsaya a baranda.

Kwana shida ta yi a gadon asibiti. Biyun farko ba ta yi masa magana ba sai abin da ya zama dole. A rana ta uku ya kawo mata shayin da ya dafa da kansa, ta kurɓa, ta ce ruwan zafi ne aka nuna wa ganyen shayi daga nesa. Ya gane an sassauta masa.

'Ya'yansu mazan suka yi ta kira, babban ya ce zai zo ƙarshen wata. Auta ta sauka lafiya bayan mako shida, ta sami 'ya mace. Malama ba ta iya zuwa ba, a waya ta ga jikarta, ta daɗe tana kallo tana share ido da gefen mayafi.

Kafinta ya koma rufe shago da azahar. Ya koyi inda ake ajiye tsintsiya da yadda ake shanya riga ba ta tattare ba. Likita ya ce Malama ta riƙa ɗan takawa a cikin gida, amma daga ɗaki zuwa kicin sai ta tsaya sau biyu tana dafa bango. Ranar wata Asabar ya zo da dogon katako mai kyau wanda ya daɗe yana ajiye wa wani aiki, ya auna tsayin ƙugunta, ya kafa mata shi a jikin bangon don ta riƙa kamawa, tun daga ƙofar ɗaki har kicin. Tana zaune a falo tana kallonsa, tana cewa ya yi hankali da fenti.

Da ya gama ta tashi, ta kama katakon, ta bi shi a hankali. Yana bayanta, hannunsa a buɗe bai taɓa ta ba. Ta kai tsakiya ta tsaya ta huta, ta shafa wani wuri da yatsa.

"Nan bai yi sumul ba, Baban Auta. Zai kama mini hannun riga."

Ya shafa, ya ji gaskiyarta. Ya koma jakar kayan aiki ya ɗauko takardar goge katako, ita kuma ta ci gaba zuwa kicin.