Hannun Malam

Har yau Ƙarama ake ce mata a asibitin, alhali furfura ta fara leƙowa ta ƙarƙashin hular tiyata. Malam, babban likitan ƙwaƙwalwa, shi ya laƙaba mata sunan tun tana ɗaliba, lokacin da yake sa ta ɗinkin jijiyar fiffiken kaza a ƙarƙashin madubin ƙara girman abu. In zare ya kuɓuce mata sai ya ce, "Sannu, kin kashe kazar nan karo na biyu."

A hannunsa ta koyi aikin da ake nemanta dominsa yanzu. Jijiyar jini ce takan kumbura a ƙwaƙwalwa kamar tayar keke, sai a buɗe kai a ɗana mata ɗan matsin ƙarfe kafin ta fashe.

Ran nan Malam ke aiki a kan wata mai goyo, Ƙarama tana taya shi. Ta cikin madubi sai ta ga bakin matsin yana rawa a hannunsa. Kaɗan ne fa. Amma a irin wannan wuri, kaɗan ɗin ya isa a rasa rai.

Nas ta gani, ta sunkuyar da kai. Likitan sa barci ma ya gani, ya tsura wa na'urarsa ido sai ka ce yau ya fara ganinta. A ɗakin nan ba a yi wa babba gyara, balle Malam, wanda kowa a inuwarsa ya tashi. Ƙarama kuwa kunya da tausayi suka kama ta. Wannan hannun ne fa ya riƙe nata har ta iya.

To amma matar da ke kwance ba kunya ta zo nema ba.

"Malam," in ji Ƙarama, "ka ba ni wannan in ƙara koyo mana."

Ita da ake turo wa irin wannan aiki daga nesa, wane koyo kuma? Can sai Malam ya miƙa mata matsin, ya koma gefe yana tsane mata jini kamar sabon ɗalibi. Ta ɗana, jijiya ta lafa.

A wurin wanke hannu ta kasa haɗa ido da shi.

"Malam, ka yafe mini."

"Da kika yi me?" Ya zura hannunsa ƙarƙashin famfo, yana kallon yadda yake karkarwa. "Na jima da sani. Kullum sai in ce gobe zan bari, ina jiran wani ya hana ni, ku kuma kuna ta rusuna mini."

Hawaye ya cika mata ido.

"Kar ki yi mini kuka a nan," ya ce. "Naki hannun ma ranarsa tana tafe. Ki fara renon wanda zai karɓa tun yanzu. Kuma don Allah, Ƙarama, ki zaɓi marar kunya."