Gurbin Malamin Aji Ɗaya

Tela na tallafe da kan maƙwabcinsa, malamin aji ɗaya, yana ɗura masa ruwa da cokali, sai ga hedimasta ya faɗo ɗakin, ƙamshin turarensa ya riga shi shiga. Ko takalmi bai cire ba.

"Ya jikin, Malam?" ya ce, idonsa na kan agogo.

Malam ya ɗaga hannu da ƙyar. Tun Tela yana saurayi yake ganin bawan Allahn nan yana tafiya firamare. Yaran da ya koya wa karatu sun zama manyansa a wurin aiki, shi yana nan jiya i yau. Sai bana aka zaɓe shi kwas ɗin ƙarin girma, ciwon hanta kuma ya kayar da shi.

Hedimasta ya ja kujera. "Dama batun kwas ɗin nan ne. Jibi za a fara, kar gurbin ya tafi a banza. Ka ce da bakinka ka bar wa ƙanina. Ga shaida nan." Ya nuna Tela da haɓa.

"Zan tashi, ranka ya daɗe," in ji Malam. "Zan je."

"Haba Malam! A haka?" Har da 'yar dariyarsa.

Matar Malam ta juya fuskarta bango. Tela ya ajiye cokalin, ya dubi hedimasta.

"Ranka ya daɗe, dubiya ka zo ko rabon gado? Mutumin ko ido bai rufe ba."

"Kai, tsaya ga allurarka."

"Allurata ba ta ɗinka shaidar zur."

Hedimasta ya ja tsaki, ya kaɗe riga ya fita.

Washegari da rana Malam ya cika. A wurin gaisuwa muryar hedimasta ta fi ta kowa tashi.

"Mun yi rashin uba! Ko jiya sai da na ce masa ya daure ya je kwas ɗinsa."

Ƙanin nasa bai zo ba, an ce tun safe ya hau mota zuwa wurin kwas ɗin. Da hedimasta ya miƙo hannu, Tela ya dubi hannun kamar an miƙo masa mushe, ya tashi ya shige gidan.

A tsakar gida matar Malam na kwashe rigunansa daga igiya. Ta kaɗe ɗaya, guntun alli ya faɗo daga aljihun, ya gangara gindin randa. Ta durƙusa ta ɗauka, ta hure ƙasar, ta daɗe a durƙushe.