Kunnen Kaka Kulu

Shekara biyu cur Mushe Ari Kassim, tsohon malamin makaranta, yana yawo da littafinsa a bayan moto, ɗan babur ɗinsa, cikin kwalin sabulu da ya ɗaure da roba. Babu lakwal ɗin, wato makarantar boko, da bai shiga ba a Damagaram, babu ɗakin taron da bai tsaya gaban mikiro ba. Littafin tarihin tsofaffin gidajen Birni ne, wanda ya tattaro daga bakin dattawa bayan ya ajiye alli. Mutane kuwa suna zuwa, kada a yi musu ƙarya. Su zo da manyan riguna, su yi tafi, ya sa musu hannu da bik, a ɗauki hoto, sannan kowa ya kai littafin gida ya ɗora a kan telebijin. Ko mutum guda bai taɓa tare shi a hanya ya ce ya karanta ba. Matarsa Maimuna takan ce, "Malam, kai dai mafici kake raba wa mutane." Yakan yi dariya, amma abin yana cinsa a rai.

Kullum babi guda yake karantawa, na kakan ubansa, Malam Sulaiman, attajirin da ya zo daga Borno ya gina masallacin unguwarsu. Wannan babi shi ne abin alfaharin gidansu. Yayansa Alhaji Abdullahi, babban gida, har sa wa ya yi aka buga shafin farko aka rataye a zaure.

Akwai kuma wani babi can ciki da bai taɓa buɗe shi a bainar jama'a ba, kuma ya san dalili. Tun yana saurayi aka tura shi koyarwa Tirmini, ya sauka gidan wani manomi, Ɗanladi, suka yi shekara shida suna ci a akushi ɗaya. Wata rana suna ɓarar gyaɗa a gindin gawo, Ɗanladi ya ba shi labarin kakarsa Kulu. Duk tsofaffin Tirmini sun san tsohuwar nan mai rabin kunne, kuma abin da gidan suke faɗa shi ne raƙumi ya cije ta tana yarinya. Ashe raƙumi bai san zancen ba. Kamo ta aka yi daga kudu zamanin hare-hare, aka sayar da ita a Birni. Ta gudu sau biyu, ubangidanta ya kama kunnen da kansa ya yanke, don duk inda ta shiga a gane ta. Ubangidan nan kuwa Malam Sulaiman ne mai masallaci.

"Ni kaɗai ta faɗa wa, ranar da za ta cika," in ji Ɗanladi. "Kai ma don jinin gidan Malam Sulaiman ne kai, ya kamata mutum guda a cikinku ya sani. Amma ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba."

Ari ya ce, "Baba, na ɗauki amana."

Ya riƙe ta shekara talatin. Da ya zo rubuta littafi sai labarin ya hana shi sakat, don duk abin da ya tara babu mai nauyinsa. Ya lallashi kansa da dabara: Kulu ta koma Lubabatu, Tirmini ta koma "wani ƙauye", Malam Sulaiman ya koma "wani attajiri". Kunnen ne ya kasa taɓawa, ya bar shi yadda yake, da raƙumin da komai. Ya ce a ransa, wa ma zai karanta? Kuma shekara biyu gaskiyarsa ce.

Sai ranar Mirriya. Diraktan wata lakwal ya gayyace shi ranar kasuwa, wai don a samu jama'a. An samu kuwa, amma jama'ar kasuwa ce, kowa hankalinsa yana kan akuyarsa ko buhun albasarsa. Ari ya fara babin masallaci. Kafin ya kai shafi na uku benci biyu sun zama wayam. Wata mai tallan ƙosai ta ratsa ta gabansa ko sallama babu, wani tsoho a layin gaba ya saki baki yana minshari. Kai, wulaƙanci bai yi ba. Ari ya tuna shekara biyu na tafin ƙarya. Ya lashi yatsa ya juya shafuka har can ciki.

Da ya kai inda yarinyar take gudu cikin karan dawa, waɗanda suka miƙe sai suka koma suka zauna. Da ya kai wurin wuƙar, wata mata ta ce "Wayyo Allah!" ta dafe kunnenta. Mai ƙosai ta sauke tirenta. Tunda Ari yake bai taɓa jin shiru irin wannan ba, kuma, a faɗi gaskiya, daɗi ya ji har cikin ƙashinsa. Ya ƙara murya, ya ja inda ake ja, ya tsaya inda ake tsayawa. Samari suka ɗaga talho, wayar hannu, suna ɗauka, ya gani, bai hana ba.

Yana rufe littafin wani mutum mai rawani a baya ya ɗaga hannu. "Mushe, tambaya gare ni. Wane kunne ne?"

Wannan ba ya cikin littafin. Da Ari ya ce bai sani ba, da ƙila an tsira. Amma mutum ne da ya shekara biyu ba a tambaye shi komai ba.

"Na hagu," ya ce.

Mutumin ya gyaɗa kai a hankali. "Haka ne. Na hagu ne." Ya saɓa buhunsa ya nufi tashar motocin Tirmini.

Ranar nan kwalin sabulu ya koma gida babu komai a ciki, hannun Ari har ciwo yake don sa hannu. Kafin sati ya zagayo muryarsa ta shiga kowane talho. Gayyata ta yi ta zuwa, kowa kuma abu guda yake roƙo: a karanta musu na mai kunnen. Ya karanta. Sau uku ya karanta, yana ce wa kansa ai ba a ambaci sunan kowa ba.

A karo na huɗu, a wani ɗakin taro a cikin gari, layin masu neman sa hannu ya kai har ƙofa. Wata budurwa ta ajiye littafi a kan tabur. Bai ɗago ba, ya ce, "Sunan wa zan rubuta?"

"Rahina," ta ce. "Jikar Ɗanladi na Tirmini."

Bik ɗin ya tsaya a hannunsa. Ya ɗago ya ga fuskar gidan da ya ci tuwonsu shekara shida.

"Da bayan Sallah za a ɗaura mini aure," ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa, babu kuka. "Shekaranjiya dangin mijin suka aiko, wai sun yi bincike, asalinmu bai yi musu ba. Babana shekara goma sha biyu yana jan salla a masallacin unguwarmu. Ranar Laraba ya zo ya tarar wani ya riga ya shiga gaba, ba wanda ya ce masa uffan. Sa hannun mana, Mushe, mutane suna jira."

Bai sa ba. Ta bar masa littafin a kan tabur ta fita.

Da ya faɗa wa Maimuna, ba ta yi masa faɗa ba, abin da ya fi faɗa ta yi. Ta ce, "Magana zarar bunu ce, Malam. Abin da ya rage maka guda ne, ka je ka nemi yafiyar tsohon nan tun yana da rai. In ya mutu da wannan a ransa, ban san inda za ka kai shi ba."

Washegari da hantsi ya isa Tirmini. Yaran unguwa da a da suke bin motonsa da ihu suka tsaya daga nesa suna kallo. Ya tarar da Ɗanladi a ƙofar gida yana tufkar igiya, ya tsufa ƙwarai, idonsa guda ya yi fari. Tsohon ya amsa sallama yadda ya kamata, ya tambayi gida, ya tambayi Maimuna, ya sa aka shimfiɗa tabarma sabuwa aka kawo fura a kwanon baƙi. Ari ya so a ce zagi aka yi masa.

Ya tuɓe takalmi ya durƙusa a ƙasa. "Baba, na ci amana. Ba ni da abin faɗa. Ka yafe mini don Allah."

Ɗanladi ya ci gaba da murza kabar a cinyarsa. Can ya ce, "An kawo mini muryarka a talho. Ka iya karatu, ba laifi. Sau uku na sa aka maimaita mini. Ka san abin da nake jira in ji?"

Ari ya girgiza kai.

"Sunan wanda ya riƙe wuƙar. Naka gidan ka rufe shi ruf, ko ɓera ba zai samu ƙofa ba. Nawa ka bar masa kunne a waje." Ya ajiye igiyar. "Ba zan wahalar da kai ba, don na san ka da ɗan kirki. Kasuwar Mirriya tana ci ranar Lahadi. Koma inda ka tsaya, ka riƙe mikiron nan naka, ka karanta labarin, ka ce attajirin nan Malam Sulaiman ne, kakan ubanka. In ka yi haka, wallahi na yafe maka duniya da lahira. Ba zai dawo wa Rahina da miji ba. Amma a san mu biyu ne a cikin labarin."

Ari ya buɗe baki zai ce to. Kalmar tana nan a kan harshensa, ƙarama ce, ba ta da nauyi. Sai ya ga Alhaji Abdullahi zaune a zaure, ya ga sahun farko na masallacin da suke salla tun suna yara, ya ga ƴaƴansa mata biyu da ke ɗauke da sunan gidan a ɗakunan mazajensu. Ya ce a ransa zai yi shawara tukuna. Ya ce a ransa Lahadi ta yi kusa. 

Tsohon ya jira shi. Ya jira har wata kaza ta zo ta leƙa kwanon furar ta wuce, har inuwar bangon ta janye daga kan tabarmar. Sannan ya ɗauki igiyarsa.

"Tashi ka kama hanya, rana tana yi," ya ce. "Ban ga laifinka ba a nan, abin da wuyar faɗa. Ni ma na tsufa da nawa a ciki ban iya faɗa wa duniya ba. Sai dai ni ban kai na wani kasuwa ba."