Jinin Gidansu

Zani biyu, filas ɗin kunu, ledar audugar da ta jiƙe, sai yaron. Abin da suka ɗauko ke nan.

Keke-napep ya taso daga Kambarawa ya cake a cunkoson Ƙofar Kaura. Suwaiba ta ji ɗumi yana ratsa zaninta. Mahmud, ɗanta na fari, yana kwance a cinyarta, leɓensa fari fat.

Jiya da safe Almu mai kemis ya yi masa kaciya. Mijinta Mamman ne ya zaɓe shi, wai zamanin askar wanzami ya wuce, kuma unguwa kaf Likita take ce wa Almu. Yaron ya yi kuka, daga baya ya yi shiru. Aka yi ta guɗa, jarumi ne. Ita kuwa ko leƙa ɗakin ba ta yi ba. A gaban surukai, wace uwa ce za ta nuna ta damu da ɗan fari? Sai da ta je shara ta ga tabarma ta jiƙe da jini.

"Almu ya ce a ƙara ɗaurewa, zai tsaya," in ji Mamman, ba ta san sau nawa ke nan ba.

"Malam, ka bi ta lungu," ta ce wa direba.

* * *

A asibiti wata ma'aikaciyar jinya ta kwance ɗaurin, ta duba, ta ɗago kai.

"Wa ya yi wannan?"

"Likita ne," in ji Mamman.

"Na wane asibiti?"

Ya sunkuyar da kai.

"Yankan ma da sauƙi. Jinin ne ba ya daskarewa. Maman yaro, a danginku akwai namijin da ya taɓa zubar da jini haka?"

Suwaiba ta tuna yayanta Babaji. Tana ƙarama aka kai shi wurin wanzami, aka dawo da wandonsa kawai. A gidansu cewa ake yi iska ya taka.

"Akwai."

"Kafin a yanka, an tambaye ki?"

Babu wanda ya tambaye ta. Ita ma ba ta san abin faɗa ba ne.

"Ta wajen uwa yake bi. In yana da ƙane, kada a taɓa shi sai an gwada jininsa."

Aka shiga da Mamman a ɗebi jininsa a ƙara wa yaro. Aka ce ta koma gida ta kawo wa yaro kaya.

* * *

A zaure ta tarar da wanzamin gidan ya baje zabira. Surukarta Hajiya Furera tana riƙe da hannun ƙanen Mahmud, Ɗanliti, an tuɓe masa wando.

"Yauwa, ya jikin maigidan nawa? Ai na faɗa, aikin gado ba na mai sai da ƙwaya ba ne. Wannan hannun shi ya yi wa ubansu. A yi wa ƙaramin yanzu, su warke tare."

"Inna, an ce jinin gidanmu ne. Ba ya tsayawa."

"Jinin gidanku? Ɗan namu? Mi kika sani a sha'anin maza?"

Wanzami ya yi dariya, yana wasa aska. "Amarya, kafin ki ƙifta ido na gama."

Tunda aka kawo ta gidan nan ba ta taɓa haɗa ido da Hajiya ba. Ta zare hannun Ɗanliti daga nata, ta saɓe shi a kafaɗa, ta shige ɗaki. Ta rufe ƙofa, ta danna sakata.

"Inna, ki yi haƙuri," ta ce daga ciki. "Wannan ba mai sa masa ƙarfe sai an gwada jininsa. Ko da zai kai ni gidan ubana."