Furar da Ta Ƙi Damuwa

Safia 'yar Maradi ce. Umra ta kawo ta Jidda shekara huɗu da suka wuce, ba ta koma ba, kuma ba ta da iƙama, wato takardar izinin zama. Ko jiniyar motar asibiti ta ji sai ta nemi wurin ɓuya. Aikatau take yi a unguwar Aziziyya, gidan wani injiniya ɗan Japan da matarsa, waɗanda ba su taɓa tambayarta takarda ba.

Ranar da tsautsayi ya faɗa mata, Madam, matar gidan, ta fita kasuwa bayan azahar. Safia ta tarar da fararen curi-curi an jera su tsibi a faranti bakin taga. Ita dai fura ta gani, kuma rabonta da fura tun gida. Ta zari uku, ta zuba laban, nonon Larabawa, ta kama damu. Abu ya ƙi fashewa, sai naɗe cokali yake kamar danƙo.

Sai a lokacin ta duba da kyau. Ga doguwar ciyawa a kwalba gefen farantin, ga hoton jar ƙofar wurin bautar masu gidan a garinsu, wanda Madam ke sunkuya wa. Ta taɓa kayan ibadar mutane, kuma waya ɗaya ta isa a kai ta tarhil, inda ake tara waɗanda za a kora. Ta sake jera sauran, tsibin ya ƙi tsayuwa.

Madam na shigowa ta ƙirga, sha biyu maimakon sha biyar. Safia ta durƙusa tana ba da haƙuri.

Matar ta tuntsire da dariya. Da guntun Larabcinta ta bayyana cewa alawar garin shinkafa ce ta bikin kallon watan kaka. A ƙauyensu yara kan sace ta, masu gida kuma su yi murna, don alamar albarka ce. Shekara shida tana jerawa a Jidda ba wanda ya ɗauka.

Safia ta fara sauke ajiyar zuciya ke nan, Madam ta kama hannunta. Ta ce jibi 'yan ƙasarsu za su yi bikin a harabar kamfanin mijinta, kuma dole ta nuna musu mai kawo sa'a.

"Halas, magana ta ƙare, tare za mu," in ji ta. "Masu gadi na son sunaye tun yau. Yalla, Safia, kawo iƙamarki in ɗauki hotonta."