Giɓin da Yaya Ya Gani

Marin farko a falon Inna na sha shi, ina riƙe da kofin ruwa. Kofin ya yi gabas, ɗankwalina ya yi yamma, kunnena na hagu ya ɗauki ƙugi. Laifina kawai na ce wa Yaya lissafinsa bai yi daidai ba.

"Sake faɗa in ji," in ji shi.

Ni kuwa ba a halicci bakina da birki ba. Na sake faɗa, har da ƙari. Ya cafko wuyan rigata, ni kuma na kai wa hannunsa cizo. Ba don Inna ta faɗo tsakaninmu tana salati ba, da ranar sai an kwashi wani ranga-ranga.

Ni da Yaya sashe ɗaya muke aiki a jami'a. Shi mutumin allo ne da kwamfuta, ni kuma 'yar tanderu ce, ina dafa ƙananan duwatsun gwaji da ake kira kiristal. Shi ya koya min lissafi tun ina 'yar mitsitsiya, da rula a bayan hannu. Ban taɓa musun alherinsa ba, amma hannunsa ya fi bakinsa sauri.

Duk wannan bala'i a kan wani baƙin dutse ne da bai kai kan ashana ba. Elektron, wato 'yan ƙwayoyin da ke ɗaukar wutar lantarki a cikin abu mai tauri, ba a barbaje suke ba, hawa-hawa suke zama gwargwadon ƙarfinsu. In hawan sama bai cika ba, suna da filin motsi, wutar lantarki ta wuce. In kuwa akwai giɓi tsakanin cikakken hawa da na gaba, wuta ba ta wucewa. Lissafin Yaya ya ce hawan sama na wannan dutse rabinsa ne kawai a cike, don haka dole ya ɗauki wuta. Da wannan ya yi suna, a kansa kuma ake shirin ba shi matsayin farfesa. Ni na jona wa dutsen waya, wuta ko gezau.

Abin da na ce shi ne, Yaya ya lissafa kowane elektron kamar shi kaɗai Allah ya yi, alhali ture juna suke yi. Kamar 'yan haya ne da ba sa ga maciji da juna, kowa ya kulle kansa a ɗakinsa, ba mai yarda a ratsa ta wurinsa. Wannan turereniyar ce ke tsaga hawan nan kashi biyu, ta bar giɓi a tsakiya. Yaya ya ce ƙarya nake, dutsena ne ke da datti, wai ko a gida ban iya girki ba balle a tanderu.

Na'ura ɗaya ce za ta raba gardama. Wata tukunyar ƙarfe ce da aka zuƙe iskar cikinta tas, tana da 'yar tagar gilashi mai kauri. Ana haska dutsen da haske mai ƙarfi, elektron su yi tsalle su fito, na'urar ta zana hawansu a allon kwamfuta. Sharaɗin dai fuskar dutsen ta zama sabuwa fil, wadda iska ba ta taɓa ba. Shi ya sa ake manna masa ɗan tsinke da gam, a sa shi ciki, sannan a doki tsinken da wata sanda da ake sarrafawa daga waje, dutsen ya rabe biyu. Bugu ɗaya ake yi. Ni kuma dutse ɗaya tak ya rage min mai kyau, tanderuna ya ƙone, ba ranar gyara.

Aikin na mutum biyu ne. Wanda ya dafa dutse shi ke bugu, shi ke tsayawa jikin tukunya yana murɗa dutsen har haske ya sauka daidai. Kwamfutar tana can bayan akwatunan wuta, ba ka ganinta daga nan, sai wani ya zauna yana ce maka dama ko hagu. Washegari da safe aka yi wa mai kula da na'urar haihuwa, bai zo ba. Ina tsaye ina cizon yatsa sai ga Yaya, da shatin haƙorana a hannunsa.

"Auta, na jiya ya wuce. Kawo in zauna miki."

Zuciyata ta ce kar ki kuskura. Amma hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, kuma gaskiya ina so ya gani da idonsa. Na ce ya zauna.

Na yi bisimilla, na kama sandar, na doki tsinken. Ƙas! Ya faɗi. Na leƙa ta taga, sai ga fuskar dutsen tana sheƙi, sumul, ba ko tabo. Wallahi har ƙwalla ta cika min ido don daɗi.

"Hagu kaɗan," in ji Yaya daga bayan akwatuna. "Ƙara. Sama. Tsaya nan!"

Na tsaya. Ba abin da kake ji sai gurnanin famfunan zuƙe iska.

"Yaya, me ya fito?"

Na ɗaga murya.

"Danna maɓallin ajiya, don Allah! Me ka gani?"

Sai na ji kujera ta kife. Ya zagayo, fuskarsa ta yi fari fat, yana riƙe da babbar sifanar da muke ɗaure kusoshin tukunya da ita. Ko kallona bai yi ba, tagar gilashin ya nufa. Na gane abin da zai yi, na daka tsalle na rungume hannunsa. Ya maka min gwiwar hannu a baki, na ji haƙori ya karye, gishirin jini ya cika min harshe. Ban sake shi ba. Ya finciki gashina, ya buga kaina da jikin tukunyar, sai da na ga taurari da rana tsaka. Na sulale ƙasa, na kama ƙafarsa ina ja.

"Yaya, don girman Allah! Shi ke nan gare ni!"

Bugun farko gilashin ya tsage. Na biyu ya tarwatse, da wata ƙara kamar an harba bindiga a ɗaki. Iska ta afka ciki tana kururuwa, famfunan suka yi wani kuka suka sarƙe, wuta ta yi tartsatsi, komai ya mutu har kwamfutar. Warin ƙonewa ya cika ɗakin.

Na miƙe ina ihu, na ce masa matsoraci, na ce masa ɓarawon gaskiya, na tofa masa jinin bakina a riga. Ya yar da sifanar, ya shaƙe ni da hannu biyu, ya danne ni a kan tebur. Kwalabe suka zube, gilashi ya shiga bayana. Idonsa ya kaɗa jawur, ban ga yayana a cikinsu ba ko kaɗan. Numfashina ya fara ɗaukewa. Na tattara abin da ya rage min, na naɗe ƙafafuna, na tokare shi a ciki da dukkan ƙarfina.

Ya yi baya taga-taga, ya taka sifanar, ƙeyarsa ta daki bakin tukunyar inda kusoshi suka yi jere. Ƙarar ba ta da yawa. Ya zame ya zauna, jini yana bin wuyansa yana shiga riga, ƙafarsa ɗaya tana karkarwa. Da rarrafe na kai ƙofa na kira mutane.

Dutsen ya tafi. Da aka buɗe tukunyar daga baya, garin gilashi kawai aka samu da ɗan baƙin burbushi. Kwamfutar ba ta ajiye komai ba, don ba a danna ba. Duk duniya mutum ɗaya ne ya ga abin da allon nan ya nuna.

Sai da ya kwana uku a asibiti kafin ya farfaɗo. Inna ta hana ni shiga, ta ce mun kashe ta da ranta, daga baya ta gaji ta ƙyale ni. Na shiga da kumburarren baki, da shatin yatsunsa a wuyana, na shirya tsaf. Ba haƙuri na zo nema ba, kuma ba shi na zo bayarwa ba. Tambaya ɗaya na zo da ita, ko da za mu sake dambe a kan gadon.

A bakin ƙofa likita ya tare ni, ya ce in bi shi a hankali, bugun ya share masa kwanakin ƙarshe gaba ɗaya, kuma kar mu sa rai za su dawo.

Yaya na kwance, kai naɗe da bandeji. Da ya gan ni sai ya yi murmushi, irin wanda rabona da shi tun ina firamare.

"Auta! Subhanallahi, wa ya yi miki haka? Faɗa min, ko waye sai na karya shi."

Ya kamo hannuna, ya jawo ni kusa, ya rage murya don kar Inna ta ji muna zancen aiki.

"Kin buga dutsen kuwa? Me ya nuna?"