Rikodar Ajin Malama Monica

Shekarar da gwamnatin soja ta ce kowane yaro ya shiga makaranta kyauta, ajin Malama Monica ya cika har ya tumbatsa. Makarantar tana bayan Ƙofar Marke, mai rufin kwano, kuma da hantsi ya ɗaga sai ɗakin ya koma kamar tanda. Bencina ba su isa ba, rabin yaran a ƙasa suke zama. Da safe ta koyar da kashi ɗaya, bayan azahar wani kashin ya shigo ya zauna inda na farko suka bar ɗumi. Ita 'yar Zuru ce, aikin mijinta Bitrus, makanikin motocin gwamnati, shi ya kawo su Sakkwato. Ta daɗe tana riƙe alli, amma ba ta taɓa ganin aiki mai cin maƙogwaro irin wannan ba. Kafin na bayan aji su ji kalma ɗaya, sai ta kware baki kamar mai tallar fura.

A farkon bazara wata mota ta zo daga ofis da kwali. Hedimasta, Malam Tambari, dattijo mai furfura wanda ya koyar da iyayen yawancin yaran, ya kira ta ofishinsa ya buɗe kwalin a gabanta. Rikoda ce baƙa mai hannun ɗauka, da kaset-kaset na koyon Turanci, da batura.

"Malama, ga abin da anka aiko muna," in ji shi. "An ce wanga akwati malami ne. Ke ce kin fi yara, ke za ki fara."

Ranar farko yaran sun yi tsit. Muryar wata Baturiya ta fito, siririya, tana magana ta hanci, suka riƙa leƙen bayan akwatin su ga inda take. Kwana kaɗan mamakin ya ƙare. Baturiyar tana ba da labarin jirgin ƙasa da dusar ƙanƙara, yaran da ko baƙaƙen Hausa ba su gama ganewa ba suna gyangyaɗi. Dole Monica ta riƙa tsayar da ita tana fassarawa da ƙarfi, aikin ya ninku. Wata safiya ta buɗe baki za ta gaida aji, sai iska kawai ta fito.

Malamin asibiti ya haska maƙogwaronta, ya girgiza kai, ya ce ta daina ɗaga murya gaba ɗaya sai ta warke. Ta kai wa Malam Tambari maganar da raɗa. Ya saurara, ya shafa gemu, ya dubi tsakar makaranta.

"Ba ni da wanda za shi tsaya miki, Malama. Kin ga Malam Hayatu na aji ɗaya ma ya aje alli, ya bi 'yan kwangila. Ki yi haƙuri ki lallaɓa."

Ranar Asabar ta tafi da rikodar gida, don ofishin hedimasta ba shi da makulli na kirki. Bitrus ya jujjuya ta a hannu irin na masu gyara, ya nuna mata jan maɓallin da ba ta taɓa dannawa ba.

"Maman Lami, ai wannan tana ɗaukar magana. Ki faɗa mata a hankali, ita ta yi ihun."

Ya toshe ɗan ramin da ke kan kaset ɗin da guntun takarda, ya ce yanzu zai karɓi sabuwar murya. Monica ta so ta ƙi, domin ta san kayan hukuma ne. Sannan ta haɗiyi miyau ta ji zafin har cikin kunnenta, sai ta jawo tabarma gindin darbejiya, ta kai bakinta dab da akwatin, ta fara cikin dishi-dishi: ba, bi, bu. Tana barin ɗan shiru bayan kowanne don yara su amsa. Zakaran maƙwabta ya shiga ciki, haka ma ƙarar dakan gidan baya. Ba ta da ƙarfin sakewa, ta bar su.

Ranar Litinin ta rubuta baƙaƙen a allo, ta murɗa ƙara har ƙarshe, ta tsaya da sanda tana nuni. Muryarta ta cika ɗakin, bakinta kuwa a rufe. Yaran suka yi dariya da zakaran ya yi cara, amma suka amsa, har na bakin ƙofa. Ta jingina da bango, ta ji kafaɗunta sun sauka. Rabon da ta koma gida ba tare da ciwon kai ba har ta manta.

Sauƙin da ta samu bai yi nisa ba. Malam Tambari ya jiyo muryar daga ofis, ya taho zai yi mata faɗan ƙin bin maganar asibiti, sai ya tarar da ita shiru, akwati na aiki. Ya tsaya a bakin ƙofa har darasin ya ƙare.

"Mi kinka yi da Baturiyar?"

"Na shafe ta, ranka ya daɗe," ta raɗa masa.

"Subhanallahi. In masu duba makarantu sunka zo, mi zan ce musu?"

Bai jira amsa ba, don hankalinsa ya riga ya koma ɗakin da ke gefe, inda 'yan aji ɗaya ke hawa kan bencina tun tafiyar Malam Hayatu. Washegari ya ɗauki rikodar da kansa ya kai can, ya ɗora ta a kan tebur, ya sa maigadi ya zauna da bulala yana danna maɓalli. Ya ce rabin yini can, rabin yini wurinta, kuma ta taimaka ta ɗaukar wa ƙananan nasu darasin daban a kaset.

Haka Asabar ɗinta ta tafi. Wanki ya taru, kasuwa sai Bitrus ya je, ita tana gindin darbejiya tana raɗa wa akwati ƙirga da baƙaƙe na azuzuwa biyu daban-daban. A makaranta kuma, sa'ad da rikodar ke ɗaya ɗakin, ta koma matsa maƙogwaron da bai warke ba, tana jin tata muryar ta bayan bango tana koyarwa garau. Wani lokaci yaranta su bar ta tsaye su riƙa amsa wa waccan.

Zafi ya ƙaru, zaren kaset ɗin ya fara saki, muryar ta yi kauri tana jan kalmomi kamar mai maye. Wata ranar Laraba ta tsaya cak. Maigadi ya kawo akwatin da zare baƙi ya cukuikuye a ciki. Monica ta sa fensir ta yi ta naɗewa, zaren ya tsinke a hannunta. Bitrus ya duba daga baya ya ce roba ce ta narke a ciki, kuma ba a samun irinta a garin.

Ta zaci za a kwaso 'yan aji ɗaya a zuba mata, har ta fara duba inda za su zauna. Sai ga Malam Tambari ya shigo a hankali, ya tuɓe babbar rigarsa ya rataya a ƙofarta.

"Ba ni alli, Malama. Ni za ni riƙe su har Allah shi kawo muna wani."

Ta ɓalle nata biyu ta miƙa masa rabi. Shi ya riƙe ajin har damina ta faɗi aka kawo sababbin malamai, yana tari yana koyarwa. Muryar Monica ba ta koma yadda take ba, dishewar ta zauna mata, sai ta koyi zagayawa tsakanin yara tana maimaita abu ɗaya layi-layi. Yakan ɗauke ta lokaci, kuma ƙafafunta kan kumbura kafin a tashi, amma a haka suka ƙare shekarar.